Wane Gefe Kika Ji, Umma?

Laraba, 3 ga wata, bayan la'asar

Yau ma Auta bai fito cin abinci ba sai da na je har ƙofar ɗakinsa. Na yi ta kira daga falo, shiru. Da na shiga na tarar da shi a kwance, ya danne kunnen dama da filo, na hagun mai audugar yana sama. Abin kunnen nan nasa na aiki, hedifon, yana kan tebur, bai sa ba. Ya ce bai ji ni ba. Na ce to, tashi ka ci.

Matar tela ta tare ni a ƙofar gida. Mace ce da ba ta iya ganin auduga a kunnen mutum ta wuce. Na ce mata sanyi ne ya shige shi, saboda kwana a ƙarƙashin fanka. Ta ce ai ranar Asabar ta ji hayaniya a gidanmu. Na ce talabijin ce.

Babban ɗana, yayansu, bai zo ba. Tun Asabar ɗin.

Alhamis, 4 ga wata, da hantsi

Na karɓo maganin ɗigawa a wurin mai kemis. Shi ma sanyi na ce masa. Auta ya ce gara mu je asibiti, na ce a bari mu ga yadda wannan zai yi tukuna. A asibiti sai sun gama yi wa mutum tambaya kafin su taɓa shi, kuma ba kowace magana ce ake fita da ita daga gida ba. Tun babansu yana da rai ba a taɓa jin kanmu a waje ba. Ba kuma yanzu da ƙasa ta rufe shi za a fara ba.

Da na ɗiga masa sai da ya damƙe gefen katifa. Ya ce yana jin ɗacin maganin har maƙogwaro. Na ce alamar yana shiga ke nan.

Juma'a, 5 ga wata, bayan sallar azahar

Zan rubuta abin da ya faru yau, don ban taɓa zaton zan zauna a ɗakin nan da son raina ba.

Yaron nan shekararsa ashirin da bakwai, aikinsa duk a gaban kwamfuta yake, ga wani kamfani da bai taɓa taka ƙofarsa ba. Shugabarsu mace ce, ta allo suke ganin juna. Na daɗe ina cewa wannan ba sana'a ba ce. Namiji ya kwana ya wuni a ɗaki da abu a kunne, uwarsa tana kira ba ya amsawa, alhali ga shagon ubansa can yayansa yana fama shi kaɗai. Na faɗa, kuma ban janye ba.

Yau ya fito ya durƙusa a gabana ina tsintar shinkafa.

"Umma, ki ara mini kunnuwanki."

Na ce, "Wane irin aro ne wannan kuma?"

"Aikina ne. Sai da kunne biyu ake yinsa, ni kuma ɗaya gare ni yanzu."

Akwai amsar da ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta, na ajiye faranti na bi shi.

Abin da suke yi shafin intanet ne na masu koyon tuƙi. Mutum zai buɗe shi a burauza, wato manhajar shiga intanet, a waya ko a kwamfuta, ba sai ya sauke komai ba. Zai ga titi kamar yana cikin mota, sai motar asibiti ta taho da jiniya, shi kuma ya gane ta ina take zuwa, ya san gefen da zai kauce. Hoton wasu ne suka yi. Na Auta shi ne ƙarar.

Ya zaunar da ni a bakin gado a bayansa, ya ɗora mini hedifon ɗin a kan ɗankwali da hannunsa. Ya ce in danna wani maɓalli a allon, wai burauza ba ta yarda shafi ya fara ƙara sai mutum ya taɓa shi da kansa. Na ce ashe ita ta fi 'ya'yan yanzu tarbiyya, ba ta magana sai an ba ta izini.

Na danna. Wallahi jiniyar nan a bayan kafaɗata ta hagu ta taso, can nesa, kamar ta wajen tagar banɗaki. Ta matso, ta matso, na waiga ina salati, na kusa faɗowa daga gadon. Ba kowa sai durowar kaya.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya dafe kunnen don dariyar ta taɓa shi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Asabar.

"Wane gefe kika ji, Umma?"

"Hagu, ta baya. Kuma ka daina yi mini dariya, ni ba sa'arka ba ce."

Ya yi mini bayani. Wai ƙara tana riga isa kunnen da ya fi kusa da ita, kuma ta fi ƙarfi a can, domin kan mutum yana tare wa ɗayan. Da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa take gane inda abu yake. Shi aikinsa ya rubuta wa burauza inda motar take, da inda mai sauraro yake, da inda ya fuskanta, ita kuma ta raba ƙarar ga kunnuwa biyun yadda za ta zo a zahiri. Ya ce shi yanzu komai a wuri ɗaya yake jinsa, a shimfiɗe. Kuma ko ya so sa abin a kansa, zafi ba ya barinsa.

Na tambaye shi ko ya gaya wa shugabar tasu. Ya ce a'a, in ta sani za ta ba wani aikin. Na ce masa ɓoye wa wanda ya ba ka amana gaskiya ba halin gidan nan ba ne, kuma abincin da aka samu ta haka ba ya albarka.

Ya dube ni ya ce, "Me zan ce mata ya same ni, Umma? Sanyi?"

Na koma wurin shinkafata.

Asabar, 6 ga wata, da yamma

Mako guda. Yayansu bai zo ba, bai kira ba.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mun yi aiki tun bayan karyawa. Hagu, dama, gaba, baya. Gaba da baya ne suke rikita ni, ya ce kowa ma haka, ba laifina ba ne. Na ce ban ce laifina ne ba.

Yau sabon abu ya kawo. Ya ce in saurara, da motar tana zuwa da bayan ta wuce, ƙarar hawa take yi ko sauka. Na ce hawa mana, tunda tana matsowa. Ya ce ba ƙarfinta yake nufi ba. Muka yi ta kai-komo, shi yana hawa da sauka, ni ina ƙarfi da rauni, har ya fara jan tsaki a ciki-ciki. Na ce in ka ja shi a fili sai na ajiye maka kayanka. Can na ce, "Kana nufin ta sirance ko ta yi kauri?"

Ya buga tebur. "Shi ke nan! Haka nake nufi!"

Na ce to ka riƙa magana kamar mutane.

Abin shi ne, mota in tana tunkaro ka, muryarta siririya ce. Da ta gifta sai ta koma mai kauri. Dofla suke ce masa, sunan wani mai binciken da. Na tuna shi. A aji huɗu na sakandare malamin kimiyya ya zana mana jirgin ƙasa a allo, layuka sun cunkushe a gabansa, sun warwatsu a bayansa. Na ci wannan tambayar a jarrabawa, amma sai yau na ji abin da kunnena. Auta ya yi mamaki. Yaran nan sun ɗauka da zani a ɗaure aka haife mu.

Ya ce da can burauza da kanta take yin wannan, daga baya masu ita suka cire, yanzu kowa sai ya rubuta nasa. Hanyar da ya bi ita ce ya riƙa lissafa saurin da motar take matsowa, ya ƙara wa ƙarar gudu daidai da haka, in tana nisa kuma ya rage. Na ce kamar rediyon kaset ɗin babanku, in batir ya yi sanyi mai wa'azi ya koma magana da muryar bijimi. Ya ce daidai.

Amma nasa bai yi kyau ba. Na gaya masa gaskiya: daidai inda motar take giftawa akwai wani ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Ya ce lambar ce take tsalle maimakon ta zame a hankali. Ya sunkuya yana gyarawa, ya manta da ni a zaune. Na ga bayan wuyansa ya rame.

Talata, 9 ga wata, da sassafe

Ina shara a ƙofar gida na ji babur ɗin yayansu. Ba ya ɓace mini, salansar ta fashe tun bara, na yi magana har na gaji. Ta layinmu yake bi zuwa shago. Na koma cikin soro ban leƙa ba. Ƙarar ta taho siririya, ta zo daidai ƙofa, ta koma mai kauri.

Da ban koyi abin nan ba, da sai in ci gaba da sa rai har ya kai kwanar masallaci. Yanzu tun a ƙofa nake sani.

Laraba, 10 ga wata, da safe

Ya wuce.

Alhamis, 11 ga wata, bayan la'asar

Ƙas-ƙas ɗin ya tafi. Auta ya bar hanyar farko ya koma wata. Yanzu jinkirta ƙarar yake yi gwargwadon nisan motar, tunda ƙara ma tafiya take yi kafin ta iso. In motar tana matsowa jinkirin yana raguwa, sirantar sai ta zo da kanta ba tare da ya taɓa gudunta ba. Ban gane duka ba, amma kunnena ya gane. Jiniyar ta wuce sumul har sai da tsikar jikina ta tashi.

Wannan ɓangaren shi ma yana iya jinsa da kunne ɗaya, in ya kunna a lasifikar kwamfuta. Gefe ne ba ya iyawa.

Matar yayansu ta zo da kwano a rufe. Ta gaida ni, ta zauna a ƙasa tana wasa da bakin mayafi. Ta ce maigidan ba ya cin abinci, ba ya barci, da an yi magana sai ya tashi ya fita. Na ce ƙafarsa lafiya take dai ko? Ta ce lafiya. Na ce to ya san hanyar gidan nan.

Ta ce, "Umma, ya ce ke kika kira shi ranar."

Na ce, "Magana na ce a yi masa. Magana."

Ta ce haka ne, Umma. Ta nemi ganin Auta, ya ce a ce yana aiki. Kwanon yana nan a kicin ba wanda ya buɗe.

Asabar, 13 ga wata, da hantsi

Rigar filonsa ta ɓaci da wani ruwa mai launin ɗorawa. Na wanke da kaina, na shanya a ɗakina, ba a igiyar waje ba. Na koma wurin mai kemis ya canza mana wani maganin ɗigawar. Ya ce in bai yi ba a kai shi asibiti. Kowa asibiti.

Litinin, 15 ga wata, bayan azahar

Na kira shi daga kicin, ya fito ya nufi ƙofar waje yana amsawa. Ina tsaye a hagunsa, taku kaɗan tsakaninmu. Ya tsaya yana waige-waige a falon gidan da aka haife shi.

Na koma kicin. Na buga cokali a tukunya har ya juyo.

Laraba, 17 ga wata, da safe

Ya wuce. Yau kamar ya rage gudu. Wataƙila rami ne.

Alhamis, 18 ga wata, bayan la'asar

Gobe ne ranar miƙa aikin. Auta ya tashi da zazzaɓi, idanunsa jawur, amma ya ƙi kwanciya. Shugabar ta ƙaro masa abu: wai in mai koyo ya juya sitiyari motarsa ta karkata, dole ƙarar ma ta juya tare da shi. Ya ce wannan ya sa ya sake rubuta inda mai sauraro yake fuskanta, kuma a nan ake yawan yin kuskure.

Bai ko juyo ba da na shiga. Ya ce, "Umma, ɗauki ki sa." Na ɗauka. Wayar abin ta gefe guda take fitowa, kullum tana sarƙewa da ƙullin ɗankwalina, ga shi yau na yi sabon ɗauri. Na juya shi wayar ta koma ɗaya gefen, na samu sakewa.

"Wane gefe?"

"Dama."

Ya tsaya. "Dama? Ga ta nan a hagu a hoton."

"Ni hoto ka ce in duba ko ƙara ka ce in ji? Dama."

Ya sake kunnawa daga wani gefen. Na ce hagu. Ya dafe kai.

"Umma, kin tabbata?"

"Kai Auta, ni ce zan kasa sanin hannun da nake cin abinci da shi?"

Ya ce to shi ne ya juya lissafin, dama ya yi zargin haka. Ya goge wata 'yar alama guda ya sake kunnawa. Komai ya daidaita da hoton. Muka bi su duka, kwana da mararraba da shataletale, ban kuskure ko ɗaya ba. Ya aika, ya ce Allah ya saka da alheri, da ba ki nan da na aika musu da shirme. Na ce ka ga amfanin jin maganar manya.

Ya kwanta da takalmi a ƙafarsa. Na cire masa.

Asabar, 20 ga wata, da yamma

Zazzaɓin yana sauka yana dawowa. Matar tela ta ce wannan sanyi ya daɗe. Na ce mata ɗinkin da na ba mijinta ma ya daɗe.

Litinin, 22 ga wata, wajen azahar

Shugabar ta kira da hantsi. Ya sa wayar a lasifika domin riƙe ta a kunne yana sa shi jiri, don haka na ji komai daga bakin ƙofa. Muryarta ta yarinya ce, ba za ta girmi matar yayansu ba.

Da wasa ta fara. "Injiniya, fushi kake da masu koyon tuƙi ne? Motar asibiti tana hagu, jiniya tana dama. Wanda ya gwada mana da safe sau uku yana kaucewa cikinta."

Ya ce ba zai yiwu ba, an gwada.

"Sirantar da kaurin sun yi kyau, ban taɓa jin mai santsinsu ba. Amma gefen a juye yake daga farko har ƙarshe. Da wani ne sai in ce ganganci. Kai kuwa na san ka, mutumin da yake dawo mini da aiki saboda ƙarar taya ta karkace kaɗan. Ka sa hedifon ka saurari abin nan kafin ka aiko?"

Auta ya kalli hedifon ɗin a kan tebur.

Ta ce, "Ina jinka."

Ya ce, "Ban sa ba. Kunnena na hagu ba ya ji. Ya kai mako uku."

"Subhanallahi. Me ya same shi?"

Na riƙe labulen ƙofa. Ya ce, "Tsautsayi ne a gida."

"To wa yake gwada maka?"

"Ummata."

Ta ce a ba ta ni. Ta gaishe ni da ladabi, ba zan ɗauke mata wannan ba. Ta tambayi abin da likita ya ce. Na ce muna dai magani. Ta ce, "Mama, likitan kunne nake nufi." Na mayar wa Auta wayar.

Ta koma kansa, wasan ya ƙare. Ta ce ba ta ji daɗin ɓoyewar ba. Ta ce gaskiya za ta gaya masa: shi don ƙarar gefe aka ɗauke shi, sauran ayyukan da suke gaba duk irinsa ne, kuma kamfanin ƙarami ne, ba su da wata kujerar da za su mayar da shi. Ya je ya ga likita a makon nan. In abu ne mai warkewa za ta sa wani a ofis ya riƙa saurara masa har ya warke. In kuwa kunnen ya tafi ke nan, sai su zauna su yi wata maganar.

Da ta kashe ya daɗe yana kallon allo. Sannan ya miƙo mini hedifon ɗin.

"Umma, sa mini shi yadda kika sa ranar Alhamis."

Na sa. Ya kalli wayar tana reto a kafaɗata ta dama. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka.

"Umma, wayar ta hagu ce. Kin sa na hagu a dama."

"Ina aka rubuta?"

Ya nuna mini wasu haruffa a ciki da suka goge saboda gumi, ko da tabarau da ƙyar na gan su. Na ce wanda ya ƙera abu ya ɓoye rubutunsa a inda ba a gani shi ne mai laifi. Kuma ba wanda ya ce mini abin yana da hagu da dama kamar takalmi.

Ya ce, "Ba ke ba ce. Lissafina daidai yake, na goge shi. Da na kara ɓari ɗaya a kunnena mai ji da na gane nan take. Ban yi ba, don ke kika faɗa."

Na ce to ai sai ka mayar da alamar taka. Ya mayar, bai ɗauki minti ɗaya ba. Na sa abin daidai, wayar tana cin ƙullin ɗankwalina, muka bi su duka daga farko. Ban yi ƙorafi ba.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

"Don ke kika faɗa."

Ƙin zuwa asibitin ma ni na faɗa.

Talata, 23 ga wata, da safe

Na ce ya shirya gobe za mu je. Ya ce zai iya zuwa shi kaɗai. Na ce ban tambaye ka ba.

Laraba, 24 ga wata, bayan la'asar

Mun dawo.

Layin ɓangaren kunne dogo ne, yawanci yara ne da tsofaffi. Wata mata kusa da ni ta ce jikanta ƙwayar wake ya tura a nasa, ta tambayi namu. Na ce muna jiran likita ya faɗa.

Likitan dattijo ne mai furfura a gira, ba ya gaggawa. Ya leƙa kunnen da 'yar fitila, ya daɗe. Ya goge, ya sake leƙawa. Ya tambayi abin da ake sawa, na fito da kwalaben biyu daga jaka. Ya juya su a hannu, ya jefa a kwandon shara a gabana.

"Wa ya ce a ɗiga wannan?"

Na ce ni ce.

"Fatar gangar kunnen a huje take, Mama. Duk abin da kika ɗiga ciki yake wucewa, ga shi ya kawo ruwa. Wannan kuma ba hujin sanyi ba ne." Ya juya ga Auta. "Samari, me ya bugi kunnen nan?"

Auta ya ce ƙofa ce.

"Ƙofa." Likitan ya ajiye fitilar. "Ba don gulma nake tambaya ba. In ƙarfe ne ko faɗuwa, sai na tura ka hoton kai yau ɗin nan. In wani abu ne daban, aikin daban ne. Ƙofar tana da yatsu?"

Auta ya sunkuyar da kai. Yaron nan da na ce ba ya jin magana, yana zaune zai karɓi hoton kai da ba ya bukata don kada ya faɗi abin da na hana a faɗa.

Na faɗa wa likitan cewa yayansu ne ya buge shi. Gajeriyar magana ce, ba ta kai yadda na ɗauke ta ba. Ya tambayi ko da tafin hannu ne, na ce e. Ya tambayi ko sau ɗaya, na ce sau ɗaya, ina wurin. Ya rubuta, bai ɗago ya dube ni ba, na kuma gode masa a raina.

Auta ya ce, "Likita, aikina na sauraro ne. Ina so in sani ko zai dawo."

Likitan ya buɗe durowa ya ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu kamar cokali mai yatsu. Ya buga shi a gwiwarsa, ya ɗora gindinsa a tsakiyar goshin Auta.

"Rufe ido. Wane gefe ka fi ji?"

Auta ya rufe ido. Ina ganin jijiyar wuyansa tana bugawa.

"Hagu."

Na ce, "Kai, ka nutsu. Na daman ne mai lafiya."

Likitan ya yi dariya. "Mama, ƙyale shi, daidai ya faɗa." Ya sake bugawa ya ɗora a ƙashin bayan kunnen, Auta ya ce yana ji sosai. Likitan ya ce ƙarar ta ƙashi ta bi, ta tsallake inda ya lalace. Da jijiyar ji ta mutu, da a dama zai ji. Tunda a hagu ya ji, can ciki lafiya lau ne, hanyar shiga ce ta toshe. Za a busar da ruwan da ƙwayoyi, kada ko ɗigon ruwan wanka ya shiga. In fatar ba ta haɗe da kanta ba za su yi mata faci. Ya ce ba zai yi alkawarin ya koma kamar da ba, sai an auna bayan ya bushe, amma yana sa rai sosai. Ya ce da an ƙara wasu makonnin ana ɗiga abin nan, da ba haka zai ce ba.

Auta ya roƙe shi ya sake ɗora masa ƙarfen. Likitan ya ce wannan ba wurin wasa ba ne, amma ya ɗora. Yaron ya rufe ido yana murmushi kamar an ba shi alewa.

A hanya na bi ta hagunsa, gefen da motoci suke.

Alhamis, 25 ga wata, da hantsi

Ya aika wa shugabar abin da likita ya ce. Ta amsa kafin ya gama shan shayi. Aikinsa yana nan. Wani a ofis zai riƙa saurara masa daga Litinin, ta ce a gaida Mama, a ce ta huta.

Na ce wa Auta ni ban ce na gaji ba. Ya ce ya sani.

Na toshe masa kunnen da auduga da man shafawa yadda aka nuna mana, ya shiga wanka. Na ɗora abincinsa a tebur, a dama. Yanzu zan sa mayafi in tafi shago. Akwai maganar da za a yi wa yayansu, kuma ba wanda zan aika.